Kwamfutar da ke kulle kanta duk minti 15

Shagona yana bakin hanya, ba nisa da Kasuwar Dole a nan Damagaram. Buga takardu ne sana'ata: katin biki da na suna, wasiƙar neman aiki, kwafin takardar haihuwa, sai kuma kundin kammala karatu na ɗaliban Jami'ar André Salifou, wanda suke kira memwar. Idan lokacin memwar ya kama, ko abincin rana a gaban allo muke ci. Kwamfuta biyu gare ni. Babbar ta tebur ce, ranta yana hannun kuran, da an ɗauke shi ta tsaya cak. Shi ya sa bara bayan damina na tara ƴan kuɗi na sayi ta tafi-da-gidanka, ta gwanjo, irin baƙaƙen nan masu nauyi da ake sauko da su daga ofisoshin Turai. Har yau akwai tabon gam a bayan murfinta, inda aka ɓare wata takarda. Windows 10 ne a cikinta, da Faransanci, kuma ranar da na saye ta ban ga wani aibu a jikinta ba.

Sati bai cika ba ta fara nuna hali. Ina zaune da ɗalibi muna bin rubutun hannunsa a takarda, yana karanta mini inda na kasa ganewa, in na ɗago kai sai in tarar allo ya yi baƙi ƙirin. Na motsa linzami, ta nemi kalmar sirri. Na shiga Paramètres, na je Système, na buɗe shafin da ke kula da wuta da barci, na mai da abin da na gani "Jamais", wato kar ta kashe allo, kar ta yi barci har abada. Na koma bakin aiki hankalina kwance. Kafin la'asar ta sake yi. Washegari na koma na duba ko saitin ya sauya da kansa, na same shi yadda na bar shi. Tun ina ƙirga sau nawa take yi a yini har na daina.

Wani zai ce mene ne a ciki, ai kalmar sirri ce kawai za ka sake bugawa. Wanda bai zauna a shago irin namu ba shi zai faɗi haka. Ina da yaro da ke taya ni, ɗan ƙanwata ne, kuma a lokacin ban ba shi kalmar sirrin ba, saboda takardun mutane da ke ciki. In na tafi masallaci ko na hau kabu-kabu zuwa sayen tawada, sai in dawo in tarar da mutum uku a kan benci suna jira, yaro ya yi tagumi a gaban baƙin allo. Wata malama ta taɓa kwashe takardunta ta tafi wani shagon a kan idona, kuma ban ga laifinta ba.

Na kai ta wurin wani mai gyara. Ya juya ta, ya duba shafin da na riga na duba, ya ce: "Malam, a goge komai a sa sabon Windows, shi ne sauƙi." Maganarsa tana kan hanya, kuma zan dawo kanta. Amma a tsakiyar aikin memwar muke, da tarin salon haruffa da na sha wahalar tarawa da fayilolin ɗalibai fiye da goma, ban yarda in kwana biyu babu na'ura ba. Na ɗauko abata na dawo.

Wanda ya fara buɗe mini ido wani abokin karatuna ne tun muna lakwal, yanzu yana kula da kwamfutocin wani ofis a Yamai. Na kira shi da dare na ce kwamfutata tana barci ba da izinina ba. Bai ba ni magani ba, tambaya ya yi mini. Ya ce in allon ya yi baƙi, fankar ciki tana juyawa ko ta tsaya? Ƙaramar fitilar da ke gefe tana ci a tsaye ko tana ƙyaftawa? In injin bugawa yana cikin aiki, yakan tsaya ko yakan ci gaba da fitar da takarda? Ko ɗaya ban iya amsawa ba, don ban taɓa lura ba.

A nan na gane cewa abin da muke haɗawa mu kira "ta mutu" ko "ta yi barci" abu huɗu ne mabambanta, kowanne da mai ba shi umarni. Akwai kashe allo kawai: na'ura tana aikinta, da ka taɓa linzami komai ya dawo. Akwai kullewa: aiki yana ci gaba a ciki, saukarwa daga intanet ba ta tsayawa, bugawa ba ta tsayawa, sai dai an rufe ƙofa, ba ka shiga sai da kalmar sirri. Akwai barci na gaskiya, inda fanka ke tsayawa, fitila ta riƙa ƙyaftawa a hankali, duk wani aiki ya dakata. Shi ma yana da babban wa, dogon barcin da allo ke kira "veille prolongée", wanda na'ura ke kwashe abin da take riƙe da shi ta ajiye a faifai sannan ta kashe kanta. Sai na huɗu, mutuwa farat ɗaya, wadda ke tafiya da duk abin da ba ka adana ba. Shafin nan da na cika da "Jamais" abu biyu kawai yake hukuntawa, kashe allo da barci. Kullewa ba ta ƙarƙashinsa ko kaɗan. Kuma ga abin da ke ruɗa mutum: idan Windows ya kulle kansa, bayan minti ɗaya yakan kashe allon, ko me ka sa a wancan shafin. Kai da ka dawo ka ga baƙi, sai ka rantse barci ta yi.

Da safe na zo shago da wuri, kafin kowa. Na kunna ta, na ajiye agogona a gefe, na naɗe hannu. Fanka tana ta huci, fitila a tsaye. Minti 15 cif ta kulle, minti ɗaya bayan nan allo ya ɗauke, fanka kuwa ba ta fasa juyawa ba. Na sake gwadawa sau biyu ina shan shayi, duk minti 15 ne, ba ƙari ba ragi. Wannan shi ne aiki mafi amfani da na yi a duk wahalar nan, kuma ko dala bai ci mini ba. Abin da ke zuwa a ƙayyadadden lokaci, wani ne ya rubuta lambar a wani wuri. Saura a nemo wurin.

Wurare biyu na farko ban daɗe a kansu ba. Labulen allo, wato "Écran de veille", tsohon abu ne da ke nan tun zamanin manyan allon gilashi, kuma yana da wani ɗan akwati a ƙasa wanda in an sa masa alama, na'ura za ta nemi kalmar sirri bayan mintocin da aka rubuta, ko da ba a zaɓi wani labule ba. Mutane da yawa a nan matsalarsu take ƙarewa. Nawa akwatin babu alama. Na biyu yana cikin Comptes, ƙarƙashin Options de connexion, sunansa "Verrouillage dynamique". Tun 2017 aka shigo da shi Windows 10. In ka haɗa wayarka da kwamfuta ta Bluetooth, da ka yi nisa da wayar a aljihu, cikin kamar minti ɗaya sai ta kulle. Ni ban taɓa haɗa wayata da ita ba, shi ma a kashe yake.

Na sake kiran abokina na ce minti 15 ne. Ya yi shiru kaɗan, ya ce: "Daƙiƙa 900 kenan. Wannan dokar ofis ce, mu ma haka muke sa wa namu." Ya bayyana mini cewa tun daga Windows 8 akwai wata dokar tsaro da masu kula da kwamfutocin ma'aikata ke kafawa, wadda ke kulle na'ura in an bar ta ba a taɓa ba na wani adadin daƙiƙu, don kada ma'aikaci ya tashi shan ruwa ya bar sirrin kamfani a buɗe. Dokar tana saman duk abin da mai amfani zai zaɓa a Paramètres. Wanda ya sayar da na'urar tun daga can bai goge ta ba, sabon sunan mai amfani kawai aka buɗe a ciki, dokar tsohon gida ta biyo ta har Damagaram.

Yana kan layi na danna maɓallin Windows tare da R, na rubuta regedit, rajistar na'ura, inda Windows ke ajiye saitunansa na ciki, ta buɗe. Na bi rassan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda yake faɗa mini:

HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Policies\System

A ɓangaren dama, cikin jerin sunaye, ga wani layi InactivityTimeoutSecs, a gabansa 0x00000384, kusa da shi kuma 900. Na daɗe ina kallon wannan lamba. Sati uku ina fama, ashe ga ta nan zaune. Na danna ta sau biyu, na mai da ita 0, na kashe na'ura na kunna, don dokar ba ta sakin mutum sai an sake tayarwa. Na ajiye agogo. Minti 15 suka wuce, 20, 40, allo yana nan tar. Mai Windows Pro zai iya zuwa wuri ɗaya ta hanya mafi sauƙi: ya rubuta secpol.msc, ya shiga Stratégies locales, sannan Options de sécurité, ya nemi layin da ke maganar iyakar zaman na'ura ba aiki. Windows na gida, wanda ake kira Famille, ba shi da wannan ƙofar, sai rajista. Kuma rajista ba wurin yawo ba ce. Ka taɓa layin da ka zo dominsa kaɗai, ka rubuta tsohuwar lambar a takarda kafin ka canza, ka fita.

Ina da magana ɗaya a nan da nake so a ji da kyau. Na cire dokar ne saboda na'urar tawa ce, da kuɗina na saya, kuma waɗanda suka kafa dokar sun daɗe da rabuwa da ita. Idan kwamfutar da ke hannunka ta ma'aikata ce, ko ta wata ƙungiya da ta ba ka aro, kada ka taɓa. Ka je wurin mai kula da su ka yi masa bayani. In ma ka canza, muddin na'urar tana haɗe da tsarin ofis, dokar za ta dawo da kanta. Haka kuma ƙananan manhajojin nan da ake saukewa don su riƙa motsa linzami da kansu, ban yarda da su ba a na'urar da ke ɗauke da takardun haihuwa da katin shaidar mutane. Ni kaina, da na cire dokar, ban bar shago a buɗe ba. Na buɗe wa yaro nasa sunan da tasa kalmar sirrin, wanda ba ya ganin fayilolin da nake ɓoyewa, kuma duk lokacin da zan tashi salla sai in danna maɓallin Windows da L, ta kulle nan take. Kullewar ba ita ce ta dame ni ba tun farko, zuwanta ba da sanina ba shi ne.

Na ɗauka an gama. Ba a gama ba, don ashe ciwo biyu ne a jiki ɗaya, na farkon ne ya rufe na biyun.

Wannan na biyu ba shi da lokaci. Ana tsakiyar bugawa, yatsu a kan maɓallai, sai allo ya ɗauke, fanka ta tsaya, fitila ta fara ƙyaftawa. Barci na gaskiya kenan. Wani lokaci sau uku a awa ɗaya, wani lokaci yini guda lafiya lau. Da na lura sosai, sai na ga ba ta taɓa yi mini ba, sai in yaron ne a kanta. Na ɗora masa laifi. Na ce yana danna abin da bai sani ba, don akwai alamar jinjirin wata a ɗaya daga maɓallan sama, wanda ke sa barci in an haɗa shi da Fn. Ya ce: "Wallahi Kawu, ban taɓa shi ba." Na ce to aljani ne ke taɓawa? Na faɗi haka a gaban baƙi, ya sunkuyar da kai bai ƙara cewa komai ba. Har yanzu in na tuna fuskarsa a ranar, raina ba ya yi mini daɗi.

Abin da ya wanke shi littafin tarihin na'urar ne. Windows yana rubuta duk abin da ya faru da shi, da ranarsa da sa'arsa har daƙiƙa, a wani wuri da ake kira Observateur d'événements. Ana buɗe shi da rubuta eventvwr a tagar nan ta Windows da R, a shiga Journaux Windows, sannan Système. Da farko tarin layukan yakan tsorata mutum, amma lambobi kaɗan ake bukata, kuma ana iya tace jerin da su. Layin da ya fito daga Kernel-Power mai lamba 42 yana nufin na'ura ta shiga barci, kuma a ƙasansa ana rubuta dalili: ko an bar ta ne ba aiki, ko batir ne ya yi ƙasa, ko wata manhaja ce ta nema, ko kuwa maɓalli ko murfi. Lamba 105 tana nufin an sauya daga kuran zuwa batir ko daga batir zuwa kuran. Lamba 41 kuma tana fitowa ne bayan na'ura ta mutu ba a kashe ta yadda ya kamata ba. Na tace da 42, na ga jeri mai tsawo, sa'o'in duk sun dace da lokutan da yaron ke aiki. Dalili iri ɗaya ne a kowanne: maɓalli ko murfi. Wato a sanin na'urar, wani ya danna maɓallin barci ko kuma ya rufe murfinta.

Murfi a buɗe yake, wannan na gani da idona. Maɓalli kuma yaro ya rantse. Sai na ce masa ya zauna ya yi aikinsa yadda ya saba, ni kuma na ja kujera na koma bayansa, ban ce uffan ba. Wani ɗalibi ya turo masa gyare-gyaren babi na biyu ta WhatsApp. Ya zaro wayarsa daga aljihu, mai riga irin ta littafi, wadda ake buɗewa a rufe da ɗan harshe. Ya buɗe saƙon, ya naɗe rigar ta baya, ya ɗora wayar a kan kwamfutar, a filin nan da ke gaban maɓallai inda hannun hagu ke hutawa, don ya riƙa kallo yana kwafewa. Ya buga layi biyu. Ya sa yatsa ya ɗan tura wayar gefe saboda ta tokare masa hannu. Allo ya ɗauke.

Na ce: "Tsaya, kar ka motsa." Na tayar da ita, na karɓi wayar, na riƙa jan ta a hankali a bakin kwamfutar, daga dama zuwa hagu. Ba abin da ya faru sai da na iso kusurwar hagu ta gaba, nan take ta yi barci. Na sake, ta sake. Na cire wayar daga rigarta na ɗora ta tsirara a wurin, shiru. Na ɗora rigar ita kaɗai, ta yi barci. Na ɗauko allurar maƙala takardu na kai kusa da ɗan harshen rigar, ta manne. Mayen ƙarfe ne a ciki. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Yadda abin yake, kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu ba su da wani ɗan tsinke da murfi ke dannawa in an rufe, kamar na da. Maganaɗisu ne ake ɓoyewa a ɓangare ɗaya, a ɗaya ɓangaren kuma wani ɗan ƙaramin abu mai jin kusantowarsa. In suka haɗu, na'ura ta san an rufe ta. To shi wannan abin bai san maganaɗisun murfi da na rigar waya ba, duk wanda ya matso ya isa. Wurinsa ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura, wasu a gefe, wasu a gaba. Agogon hannu mai maɗaurin mayen ƙarfe yana iya jawo haka, da ƙaramar lasifika, har ma da ɗora kwamfuta a kan wata da ke rufe, abin da masu gyara da masu sayarwa ke yi kullum a kan teburinsu. Wanda abin jin nasa ya lalace, yana sa barci ba tare da komai ya matso ba, zai iya shiga Options d'alimentation, inda ake zaɓar abin da rufe murfi zai haifar, ya sa "Ne rien faire". Sai dai ya sani daga ranar, in ya rufe ta ya jefa a jaka tana nan a kunne, kuma a zafin garin nan wannan hanya ce ta dafa na'ura. Ni ban canza ba, wayar kawai muka raba da wurin.

A gaban ɗalibin da ke zaune na juya na ce wa yaron ya yafe mini, na zarge shi a kan abin da bai yi ba. Ya ce ba komai Kawu, yana murmushi, ya ci gaba da jan rigar wayar a bakin kwamfutar yana kallon yadda take ɗaukewa. Tun daga ranar shi ke fara buɗe littafin tarihin in wani abu ya faru, kuma ya fi ni saurin karanta shi.

Da yake na riga na koyi hanyar, sai na bi ta kan wani abu da na daɗe ina haƙuri da shi. Nakan bar ta da dare tana sauke manyan fayiloli, da safe in tarar ta yi barci aiki bai kai rabi ba. Littafin ya nuna lamba 105 da tsakar dare, lokacin da aka ɗauke kuran, bayan ƴan mintoci kuma 42. Na koma shafin "Jamais" na duba da kyau. Kowane saiti gida biyu gare shi, ɗaya na lokacin da take jone da caja, ɗaya na lokacin da take kan batir, ni kuwa saitin barci na lokacin da take kan batir ban taɓa shi ba. A ƙasar da kuran ba ya yankewa wannan ƙaramin abu ne. A wurinmu, musamman watannin zafi, gidan batir shi ne rabin rayuwar na'ura. Na kuma ga wasu 105 da rana tsaka, suna zuwa bi da bi cikin daƙiƙu, alhali akwai wuta. Bakin cajar ne ya saki, da an ɗan taɓa tebur sai ya yanke ya dawo. Na canza igiyar.

Ko da na gyara wannan, ba ta kai asuba. Na buɗe baƙar tagar umarni, wato cmd, na rubuta powercfg /batteryreport. Yakan fitar da wani shafi da ke nuna abin da batir ke ɗauka ranar da aka ƙera shi da abin da yake iya ɗauka yau. Nawa bai kai kashi ɗaya cikin uku na asalinsa ba. Tsohon batir yakan nuna 40 cikin ɗari yanzu, jim kaɗan ya faɗo ƙasa warwas, kuma Windows in ya ga an kai 5 cikin ɗari yakan shiga dogon barci don ya tsirar da aikinka. Wannan ba saiti ne zai gyara shi ba, kuma ban ba kowa shawarar ya kashe wannan kariyar ba, don ita ke hana memwar ɗin wani ya salwanta.

Akwai wani nau'in da bai same ni ba amma ya sami wani abokin sana'a a Zango, kuma tunda na ga maganinsa da idona bari in rubuta. Tasa in ta farka daga barci, da ya bar ta minti 2 sai ta koma, alhali ya sa awa guda. Windows yana da wani ɓoyayyen saiti na daƙiƙa 120, wanda aka yi domin lokacin da na'ura ta farka da kanta, misali don wani aiki da aka tsara mata da dare, ta gama ta koma barci da wuri. Wasu na'urori sukan kasa bambance farkawar da mutum ya jawo da wadda ta zo da kanta. Ana fito da saitin fili ne in an buɗe cmd da ikon mai gida, wato "Exécuter en tant qu'administrateur", a rubuta:

powercfg -attributes SUB_SLEEP 7bc4a2f9-d8fc-4469-b07b-33eb785aaca0 -ATTRIB_HIDE

Daga nan sabon layi zai bayyana a cikin saitin wuta mai zurfi, ƙarƙashin barci, da 2 a gabansa. Muka mai da shi 0 a gidajen biyu, tasa ta warke. Shi ma agogo ne ya nuna mana hanya, don da ya ce mini minti 2 ne daidai, ban tsaya duba labulen allo ba.

Mutuwa farat ɗaya kuwa, wadda ke barin lamba 41 a littafi, a garin nan zafi da ƙura nake fara tuhuma. Hunturu yana cika ramukan iska da ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu, sai Afrilu da Mayu su zo da zafin da ke haura digiri 40 a inuwa. Ƙwaƙwalwar na'ura in ta doshi digiri 100 takan rage gudu, in abin ya ƙi ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ka sa hannu a bakin ramin iska: in fanka tana ihu amma iskar da ke fita ba ta da ƙarfi, a buɗe a share. Kuma a daina ɗora ta a kan katifa ko darduma. Tawa tana kan ƴan katako biyu da kafinta maƙwabcina ya yanko mini, iska tana wucewa ta ƙasa.

Na ce zan dawo kan maganar mai gyara. Yana da gaskiya ta wani fanni: duk wanda ya sayi kwamfutar gwanjo, tun ranar farko, kafin ya zuba aikinsa a ciki, ya sa a goge ta a sa sabon Windows, don bai san dokoki nawa tsohon gida ya bari ba. Da na yi haka da minti 15 ɗin nan ba su same ni ba. Amma gogewa ba za ta cire mayen ƙarfe daga rigar waya ba, ba kuma za ta sabunta batir ba, da na biya kuɗi na kwana biyu ba aiki na dawo na tarar da biyu daga cikin ukun suna jirana. Gogewar tana nan tafe duk da haka, tunda Microsoft ta rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma sai na duba ko na'urar tana da abin da Windows 11 ke nema, irin su ɗan sashen tsaron da ake kira TPM 2.0. Na bar wannan sai an gama memwar na bana.

Yanzu mun kafa ƙusa a bango, daidai tsayin ido, mun rataya wani ɗan kwali da yaron ke jingina wayarsa in zai kwafi saƙo. Batir kuma na ba wani ɗan kasuwa da ke zuwa Kano lambar da ke jikin tsohon, ya ce in ya samu irinsa zai taho mini da shi a zuwansa na gaba.